Da Abin Da Yaro Ya Tuna Yake Yin Zaɓi

Da wuya a samu gidan da ke da ɗa ko 'ya mai shekara 13 zuwa 17 wanda ba a taɓa jin uwa ta ɗaga murya ta ce, "Wai kai ba ka tunani ne kafin ka yi abu?" ba. Sau da yawa mukan furta wannan magana cikin fushi, alhali tambaya ce babba wadda masana suka daɗe suna neman amsarta: me ke faruwa a cikin kan mutum lokacin da yake zaɓi tsakanin abu biyu?

Daga cikin waɗanda suka duƙufa a kan wannan tambaya akwai Farfesa Daphna Shohamy, masaniyar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York na ƙasar Amurka. Abin da bincikenta ya nuna a taƙaice shi ne, tunawa da koyo da yanke shawara a ɗaure suke da juna, kuma da abin da mutum ya ajiye jiya yake zaɓar abin da zai yi yau.

Mutumin da ya daina tara sabon tunani

Kafin mu fahimci aikinta, sai mun koma baya kaɗan. A shekarar 1953 likitoci a Amurka suka yi wa wani saurayi mai shekara 27, Henry Molaison, tiyata domin rage masa farfaɗiya mai tsanani. Sun cire masa mafi yawan wani ɗan lanƙwasasshen sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, wanda kowa ke da guda biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, can ciki wajen saitin kunne. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar ya daina riƙe sababbin abubuwa. Za ku gaisa ku yi hira, ki fita ki dawo bayan ɗan lokaci, ya dube ki kamar bai taɓa ganinki ba. Haka ya rayu har ya rasu a 2008.

Wata masaniya mai suna Brenda Milner ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta cikin madubi, wanda aiki ne mai wuya. Cikin kwana uku hannunsa ya ƙware, amma duk ranar da aka kawo masa aikin ba ya tuna ya taɓa yin sa. Daga nan aka gane cewa hanyar koyo a ƙwaƙwalwa ta fi ɗaya. Hifokamfus ke riƙe abubuwan da suka faru da mutum, kamar wa ya gani, a ina, me aka ce. Akwai kuma wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna sitirayatum, wanda ke da hannu wajen koyon ɗabi'a ta hanyar maimaici da sakamako, yana aiki da wani sinadari da ake kira dofamin. An daɗe ana ɗaukar waɗannan sassa biyu kamar kowa da harkarsa. Shohamy na cikin waɗanda suka nuna cewa suna haɗa hannu.

Zaɓi yana buƙatar tunawa

A wani bincike da ita da abokan aikinta suka fitar a 2019, an ba masu lalurar mantuwa, waɗanda hifokamfus ɗinsu ya samu rauni, zaɓi tsakanin kayan ƙwalama biyu-biyu, su faɗi wanda suka fi so. Zaɓi ne mai sauƙi wanda ba ya buƙatar hadda ko lissafi, amma duk da haka sun fi masu lafiya daɗewa kafin su yanke, zaɓin nasu kuma bai cika tsayawa kan tsari ɗaya ba. Da aka ba su aikin ido kawai, wato su faɗi launin da ya fi yawa a cikin ɗige-ɗige a fuskar kwamfuta, sai suka yi daidai da kowa. Wannan ya nuna cewa ko a ƙaramin zaɓi, ƙwaƙwalwa tana komawa rumbunta ta ɗauko hujja. Ke ma idan kin tsaya kina saƙa abin da za ki ɗora na dare, ai kina tuno abin da aka ci jiya ne, da wanda yara suka cinye, da wanda aka bari a kwano.

Wani binciken nasu na 2012 ya ƙara fito da abin fili. An nuna wa mutane hotuna biyu-biyu a jere har ƙwaƙwalwarsu ta haɗa su, sannan aka riƙa ba da kyautar kuɗi a kan wasu hotunan. Da aka zo zaɓi, waɗanda hifokamfus ɗinsu ya fi motsi lokacin kyautar sun fi karkata ga abokin hoton da aka ba kuɗi a kansa, duk da cewa shi abokin ba a taɓa ba da komai a kansa ba, su kuma ba su ma tuna an haɗa hotunan ba. Ashe daɗin abu yana iya shafar maƙwabcinsa a cikin ƙwaƙwalwa ba tare da mutum ya sani ba.

Matasa da malam-buɗe-littafi

Binciken da ya fi shafar mu iyaye shi ne wanda ya fito a 2016 a mujallar kimiyya mai suna Neuron. An tara matasa 41 masu shekara 13 zuwa 17, da manya 31 masu shekara 20 zuwa 30, aka ba su wani wasa a kwamfuta. Za a nuna malam-buɗe-littafi da furanni biyu, mutum ya canki furen da zai sauka a kai, a gaya masa ko ya dace ko ya kuskure. A hankali sai ya gane wane fure kowanne ya fi so. Duk lokacin da aka faɗi sakamakon, sai a haɗa da hoton wani abu dabam wanda ba shi da alaƙa da wasan. Wasu daga cikinsu kuma ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu suna cikin wasan.

Matasan sun fi manyan iya koyon wasan. An kuma ga hifokamfus da sitirayatum ɗinsu suna aiki tare fiye da na manya lokacin da sakamako ya zo, sannan a wurinsu koyon ya fi ɗaurewa da tuna hotunan da suka zo tare da sakamako mai daɗi. Wato wannan zumuɗi da son yabo da neman abin burgewa da muke kuka da shi a wurin matasa, shi ne kuma yake taimaka musu su koya daga abin da ya same su, daidai lokacin da suke shirin fara tsayawa da ƙafafunsu.

Abin da za mu ɗauka

Wasan kwamfuta dabam, tsakar gida dabam, kuma wannan bincike bai ce matashi ba ya ganganci ba. Amma a matsayina na mai koyarwa, ga abin da na tsinta a ciki.

Na farko, ki riƙa barin yaro ya zaɓa a ƙananan abubuwan da ba su da haɗari, ya kuma ga sakamako da idonsa. Ki ba shi kuɗin mako ya juya da kansa. Idan ya ƙarar ranar Talata, ya ɗanɗana rashin zuwa Juma'a. Yarinyar da ba a taɓa bari ta yanke komai ba, da wane jari za ta yanke babbar shawara ranar da ba kya kusa?

Na biyu, kada ki yi rowar yabo a lokacin da aka yi daidai, kuma ki faɗi abin da aka yi. "Na ji daɗi da kika faɗa mini gaskiya duk da kin san za ki sha faɗa" ya fi shiru amfani nesa ba kusa ba. Da yawanmu bakinmu ba ya buɗewa sai an yi laifi.

Na uku, ki lura da abin da kike haɗawa da abu. Idan kullum lokacin bitar karatu shi ne lokacin tsawa da dundu, kada ki yi mamaki idan yaro ya fara ƙin littafin kansa, ko shi ma bai san dalili ba. Idan kuma duk ranar da 'yarki ta kawo miki damuwarta sai ta koma da zagi, wata rana za ta nemi wani kunnen, wanda ba ki san ko na wane ne ba.

Na huɗu, idan an yi kuskure, ki bari zuciya ta huce sannan ku zauna ki tambaye shi: me ya faru, me ka yi zato, gobe yaya za ka yi? Ta haka kike taimaka masa ya ajiye abin a inda zai iya ɗauko shi ranar da ya sake cin karo da irinsa.

Uwargida, watarana 'ya'yan nan za su tsaya su kaɗai gaban zaɓin aboki, da na abokin zama, da na sana'a, ba tare da muna gefe ba. Abin da za su laluba a ranar shi ne abin da muke zuba musu yanzu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.