Man Riɗi da Ƙuncin Zuciya: Yadda Likitancin Gargajiyar Indiya Ke Rarrashin Mai Damuwa

Ranar 24 ga Maris, 2020, da ƙarfe takwas na dare, Firaminista Narendra Modi ya shaida wa mutanen Indiya cewa daga sha biyun daren nan babu mai fita daga gida har kwana 21 saboda annobar korona. Sa'a huɗu kacal aka bai wa mutum sama da biliyan ɗaya su kimtsa. Kwanaki kaɗan bayan haka, ma'aikatar AYUSH, wadda aka kafa a 2014 don kula da likitancin gargajiya, ta fitar da shawarwari: a riƙa shan ruwan ɗumi, a ware rabin sa'a kullum don motsa jiki da daidaita numfashi, a sha madara mai zafi da gangamau, a shafa man riɗi ko na kwakwa a ƙofar hanci safe da yamma.

Babu hujjar da ta nuna cewa waɗannan suna kare mutum daga korona. Amma ga wanda aka kulle a ɗaki, bai san abin da gobe za ta haifa ba, sun ba shi abin yi da safe da abin yi da dare. A nan ne ƙarfin Ayurveda, likitancin gargajiyar Indiya, yake idan ana maganar ciwon zuciya irin na rashi, da fargaba, da zullumi.

Ayurveda kalmar Sanskirit ce, ma'anarta ilimin rayuwa. Babban littafinta, Caraka Samhita, ya kai kimanin shekara dubu biyu. A fahimtar malamanta, abubuwa uku ke tafiyar da jiki: vata mai ɗabi'ar iska, pitta mai ɗabi'ar wuta, da kapha mai nauyi da danshi. Sun ce baƙin ciki da tsoro suna tayar da vata, fushi kuwa pitta yake hurawa. Kimiyyar zamani ba ta ga waɗannan abubuwa uku a jikin ɗan Adam ba, to amma siffar da suka yi wa mai damuwa kowa zai shaida ta: barci ya ƙaurace, abinci ya fita kai, tunani ya riƙa kai-kawo kamar kara a bakin guguwa. Caraka, wanda littafin ke ɗauke da sunansa, ma ya lura cewa abinci, komai kyansa, ba ya narkewa daidai a cikin wanda ya ci shi yana cikin baƙin ciki ko tsoro ko fushi.

To, me ake yi wa iska in ta tashi? Amsarsu ita ce a tare ta da kishiyarta: ɗumi, maiƙo, da tsayayyen lokaci. Wannan tsari suna kiransa dinacariya, wato ƙa'idar yini. A tashi kafin fitowar rana, a ci dafaffen abinci mai ɗumi a lokaci guda kullum, a kwanta da wuri. Abincin mai jinya a gidajen Indiya shi ne kicari, dafa-dukan shinkafa da ƙananan wake, mai ruwa-ruwa, da ɗan man shanu da citta.

Sai kuma abiyanga, shafa mai kafin wanka. Ana ɗumama man riɗi, ba a kan wuta kai tsaye ba, sai dai a tsoma kwalbar a ruwan zafi. Mutum ya zuba a tafin hannu, ya fara daga tsakiyar kai, ya bi kunnuwa, ya murza gaɓoɓi a zagaye, ya ja hannu a tsawon damtse da ƙwauri, ya ƙare da tafin ƙafa. Ya ɗan zauna mai ya shiga jiki, sannan ya watsa ruwan ɗumi. Abin sha'awa, a Sanskirit kalma ɗaya ce, sneha, take nufin mai, take kuma nufin ƙauna. Wanda ya rasa masoyi, ya kwana uku bai kula da kansa ba, ranar da ya zauna ya shafa wa ƙafarsa mai, ya soma dawowa hayyacinsa.

Caraka bai tsaya ga jiki kawai ba. Ya kasa magani gida uku: na ibada bisa addinin mutanen wancan zamani, na abinci da tsirrai, sai kuma janye zuciya daga abin da ke cutar da ita. Wannan na ukun ya dace da zamanin da waya ke kawo wa mutum mugun labari har kan shimfiɗa.

Sai dai fa ba duk abin da aka rubuta wa Ayurveda a kwali ne ke da aminci ba. Wani bincike da mujallar likitocin Amurka, JAMA, ta wallafa a 2008 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na irin waɗannan magunguna da aka saya ta intanet yana ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar asanik. Saiwar ashwaganda, wadda aka fi tallatawa don rage damuwa, ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana ɗan taimakawa, amma an samu waɗanda ta taɓa wa hanta, ba a kuma so mai juna biyu ta sha. Ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023.

Akwai kuma ciwon da ya fi ƙarfin mai da madara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta korona, cutar damuwa da ta fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Indiyar da ke alfahari da Ayurveda ita ce kuma ta buɗe layin waya na kyauta, Tele-MANAS, a Oktoban 2022, don masu neman ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan ƙunci ya wuce mako biyu yana hana mutum ci da barci da aiki, ko ya fara jin mutuwa ta fi masa, likita ya kamata a nufa, ba kanti ba.

Wanda damuwarsa ba ta kai can ba, abin da zai amfana da shi daga wannan tsohon ilimi ba ya buƙatar kuɗin jirgi zuwa Indiya. Lokacin kwanciya ne da ba ya sauyawa, da abinci mai ɗumi, da cokali biyu na man riɗi. Gobe ba a hannunsa take ba, amma safiyar yau ya san yadda zai fara ta.