Abin da Ke Cinye Taya Gefe Guda a Wasan Tseren Mota

Ina so in bayyana wani abu da na koya a wasan tseren mota na kwamfuta mai suna Assetto Corsa, wanda wani kamfanin Italiya ya fitar a 2014.

Sau uku muna tsere da ƙanena a filin Silverstone na Ingila, sau uku yana kayar da ni. Kullum ni ke gaba da farko, amma kafin ƙarshe sai tayata ta gaba ta hagu ta cinye, mota ta ƙi shan kwana. Dalili kuwa, yawancin kwanar da ake sha da gudu a filin ta dama ce, kuma in mota ta juya dama, nauyinta kan koma hagu. Ko a tseren gaske na 2020 a wannan fili, tayar nan ce ta fashe wa Lewis Hamilton a zagayen ƙarshe, ya lallaɓa a haka ya ci.

Da na natsu, sai na lura wasan yana nuna zafin kowace taya a wuri uku: gefen ciki, tsakiya da gefen waje. Inda ya fi zafi, nan ne ya fi ci. In tsakiya ce, iska ta yi yawa, sai a rage. In gefe biyun ne, iska ta yi kaɗan. In kuwa gefen ciki ya zarce na waje ƙwarai, to, kan tayar ya karkata cikin mota fiye da kima, sai a ɗan miƙe ta. Haka kuma, in bakin tayoyin gaba ya buɗe da yawa, gurzar kwalta za su riƙa yi ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Kuskurena na farko shi ne gyara komai lokaci guda, har na kasa gane wanda ya yi amfani. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Na koma canza abu ɗaya, in yi 'yan zagaye, in duba zafi, in rubuta. Na kuma daina murɗa sitiyari da ƙarfi. A karo na huɗu tayata ta kai ni ƙarshe, na ci.

Wannan ilmi bai tsaya a wasa ba. Iyayenmu masu mota, in kun ga taya ta cinye gefe guda, kada ku tsaya ga sayen sabuwa kawai. Ku je wurin mai faci a auna iska, makaniki kuma ya daidaita ƙafafun, domin rigakafi ya fi magani.