Me Ya Sa Zafin Da Muka Saba Da Shi Yake Kisa A Faransa?

 

Duk lokacin da labari ya zo cewa zafi na kashe mutane a Turai, wasunmu dariya suke yi. Mutumin Yamai ko Agadas, wanda digiri 40 ba baƙonsa ba ne a watan Afrilu, sai ya ce wannan ai raki ne. Amma muna da 'ya'ya da 'yan uwa masu karatu da neman halaliya a can, don haka ya kamata mu fahimci lamarin.

A watan Agusta na 2003, zafi ya zauna wa Faransa kusan mako biyu, ya halaka mutum kimanin 15,000, mafi yawansu tsofaffi. Gawawwaki sun yi yawa har aka riƙa ajiye su a ɗakin sanyi na kasuwar Rungis, kusa da birnin Paris.

Dalili na farko shi ne gini. An tsara gidajensu ne don su riƙe ɗumi lokacin sanyi, kuma mafi yawansu ba su da na'urar sanyaya ɗaki. A Paris, rufin benaye da yawa na kwano ne, ɗakin da ke can sama kuwa sai ya koma tanda. Na biyu shi ne dare. A ranakun 11 da 12 ga watan, zafin dare a Paris bai sauka ƙasa da digiri 25 ba, jiki bai sami sararin hucewa ba. Na uku, jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya saba da zafi, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri, ba ya yin gumi sosai.

Amma dalilin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kaɗaici. Agusta watan hutu ne a Faransa: iyalai sun yi tafiya, likitoci da yawa ma haka. Tsofaffi suka mutu a ɗakunansu, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. A ranar 3 ga Satumba aka binne gawa 57 a maƙabartar Thiais, waɗanda babu dangin da ya zo nemansu. Shugaba Jacques Chirac ne ya halarci binnewar.

Faransa ta ɗauki darasi. Daga 2004 ta kafa shirin gargaɗin zafi, aka umarci ofisoshin magadan gari su buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassu don a riƙa kiransu ana jin lafiyarsu. A 2019 zafi ya kai digiri 46 a kudancin ƙasar, wanda ya zarce na 2003, amma waɗanda suka mutu kimanin 1,500 ne.

Ga 'yan uwanmu mazauna can, ga abin da muke tunatarwa. A rufe tagogi da labule tun hantsi, a buɗe su cikin dare idan iska ta yi sanyi. A sha ruwa a kai a kai, kar a jira ƙishirwa. A jiƙa jiki ko tsumma kafin a kunna fanka, domin idan ɗaki ya yi zafi sosai, iska mai zafi kawai fanka ke kaɗawa. Kar a bar yaro cikin mota a rufe ko na minti kaɗan. Wanda aka ga jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya suma, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa, a kira lamba 15 ko 112 nan take. Kuma kada wani ya ce shi ɗan Sahel ne: wanda ya shekara goma cikin sanyi, jikinsa ya riga ya canza sabo.

Addininmu ya yi sauƙi a nan. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta. Maras lafiya da tsohon da azumi zai cutar da su suna da rangwame.

Babban aikin dai haƙƙin maƙwabci ne, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a saman benenku, ku hau ku gaishe ta da gorar ruwa. Dattijon da ba a gani a sahu ba kwana biyu, liman ya tura a duba shi. Mu ma na gida mu tambayi kanmu: tsofaffin da ke kwana a ɗakin kwano a unguwarmu, wa ke leƙa su a bazara?

Allah Ya kare mu daga zafin duniya da na Lahira, amin.