Igiyar fatsa mai tsada da maganin sauro ke iya kashewa

A fatsar da muka saba gani, nauyin dalma ko na tana ne ke jan igiya zuwa tsakiyar ruwa. A kogunan Amurka da Birtaniya kuwa, akwai masu kama kifi da ƙudan ƙarya na gashin tsuntsu da zare, wanda ba shi da wani nauyi. Igiyar ce da kanta ke ɗaukar ƙudan idan an wurga ta, shi ya sa mai kyau takan kai dala 100.

Tsawonta kusan mita 27 ne. A ciki zare ne na nailan, an lulluɓe shi da robar PVC da aka cakuɗa da ƙananan ƙwallayen gilashi masu iska a ciki, waɗanda ido ba ya iya gani. Su ke sa ta yi iyo a saman ruwa. Wadda aka yi don ta nutse, garin ƙarfen tungsten ake zuba mata. Kamfanin Cortland ya fitar da igiyarsa mai rufin roba, 333, a 1953. Kafin nan da ta alharini ake fama, wadda sai an shanya ta an shafa mata mai bayan kowace fita.

Matsalar ita ce datti. Gansakuka da laka da gishiri suna manne wa robar, sai bakin igiyar ya fara nutsewa, ta riƙa cijewa a zobban sanda, jifa ya ragu. Da yawa sukan ɗauka igiyar ta mutu ne, su sayi sabuwa, alhali wanka kawai take so.

Wankan ba wuya. Ka warware ta cikin bokitin ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu marar ƙarfi, ka bar ta ta jiƙa na 'yan mintuna. Sai ka ja ta ta cikin tsumma mai laushi har baƙin layi ya daina fita a jikinsa, ka ɗauraye, ka busar a inuwa. Bayan nan ne ake shafa man igiya na musamman, kaɗan, a goge ragowar, don mai da yawa ƙura yake kwasowa. Igiya mai nutsewa ba a shafa mata.

Abin da ya fi datti ɓarna yana hannun masuncin ne. Sinadarin DEET da ke cikin maganin sauro na shafawa yana cin roba, kuma bakin kogi gidan sauro ne. Fetur, man kariya daga rana da zafin mota da aka rufe, duk suna busar da sinadarin da ke sa PVC laushi. Idan ta fara tsattsagewa ruwa ya shiga zaren ciki, babu man da zai gyara ta. Wannan DEET ɗin dai yana iya ɓata robar bayan wayarka da ta abin jin sauti, don haka ka wanke hannu kafin ka ɗauki hoton kifin.