Komawa Makaranta Ko Koyon Sana'a: Tambaya Daga Dajin Birnin Gwari

Makon nan za mu leƙa ƙasar Birnin Gwari. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin, bayan sulhu da masu ɗauke da makamai. To, wanda ya ajiye bindiga, ko mahaƙin zinariya da mai ƙona gawayi da ke son barin daji, da me zai ciyar da iyalinsa?

Waɗansu sun ce a mayar da su aji. Mu ba mu musa darajar ilmi ba. Yara kam makaranta ce hanyarsu, domin haka ma aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya a 1989, mai hedkwata a Kaduna. Amma magidanci ba zai iya zaman shekara shida bisa benci ba, alhali ciyarwa wajibi ce a wuyansa. Da yunwa ta shiga gida, daji zai sake kiransa.

Shawararmu ita ce a gama biyun. Da rana ya zauna gaban makaniki ko kafinta, ya koyi sana'ar da za ta kawo cefane. Da dare ya shiga ajin yaƙi da jahilci, irin wanda Jihar Kano ta kafa wa hukuma a 1980, ya iya karatu da lissafi don kada a cuce shi a ciniki. Attajiran gari kuwa su agaza masa da jari.

Allah Ya sa mu dace, amin.