Jan Layi a Bayan Riga: Yadda Na Nema wa Keken Tsere Madgad

Wata Asabar cikin watan Agusta ruwa ya kwana yana zuba a Kaduna, ya ɗauke da asuba. Na ce bari in ɗan motsa jini, na hau keken tserena na kama hanyar Kachia. Ko ɗigo bai taɓa ni daga sama ba. Amma da na dawo, na juya zan jingine keken a zaure, sai na ji uwargida ta ƙyalƙyale da dariya.

"Malam, wa ya yi maka zane a baya?"

Na tuɓe rigar na duba. Jan layi ne santal tun daga ƙugu har wuyan riga, kamar an sa buroshi. Wandon ba a magana. Takalmi ya sha ruwa ya ƙoshi, sarƙa kuma sai ƙarar yashi take yi duk juyin feda. Tayar baya ce ta yi min wannan aiki, tana kwasar ruwan titi tana watsa min, ta gaba kuma tana feshe min ƙafa.

Wanda ya tashi da Raleigh ko Phoenix bai san wannan damuwa ba. Waɗancan kekuna da madgad ɗinsu na ƙarfe suke zuwa, ya rufe taya gaba da baya, har mutum ya sa farar babbar riga ya tafi masallacin Juma'a bayan ruwa ya dawo tsaf. Nawa keken ɗan gwanjo ne daga Turai, siriri, marar nauyi, ana ɗaga shi da yatsa biyu, kuma tsirara ya zo.

Na tura shi wurin wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, wanda tun ina yaro yake yi mana faci. Ya jawo sabon madgad irin na Phoenix ya gwada cusa shi ƙarƙashin birkin gaba. Ko bakinsa bai shiga ba. Ya tsuguna ya leƙa, ya zura tsinken tsintsiya, ya girgiza kai.

"Ɗana, wanda ya ƙera wannan keken bai san damina ba. Ina zan sa shi? Ko kunnen ɗaura noti babu."

"To Baba, yaya za a yi?"

"Ka nemo wanda aka yi dominsa. Ni dai ba zan lanƙwasa maka ƙarfe ya yanka taya ba."

Masu ƙera keken sun san ruwa sarai, Ingila da Beljiyam ai ba a rasa ruwan sama. Abin da ya faru shi ne, tsohon keken tsere irin nawa an yi shi ne don gasa, da tayar da faɗinta bai wuce milimita 23 ko 25 ba, kuma an matse komai kusa da ita don rage nauyi da jan iska. Birkinsa irin mai cije wili ne, ɗan ƙaramin baka da ya rungume taya ta sama, hannayensa ba su wuce milimita 39 zuwa 49 ba daga kusar da ke riƙe shi zuwa robar birkin. Akwai mai dogon hannu, 47 zuwa 57, wanda ke barin fili a ƙarƙashinsa. Sai dai kada kowa ya ɓata kuɗinsa ya sayo shi yana zaton zai buɗa masa wuri, domin ramin kusar yana nan inda maƙeri ya huda shi, kusa da taya. Firam ɗin da aka yi don gajeren birki a haka zai mutu.

Sababbin kekuna sun fita daga wannan ƙunci. A 2018 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta birkin faifai a gasar titi, wanda ke kama wani faifan ƙarfe a tsakiyar ƙafa, ya bar saman taya wayam. 'Yan tseren kansu yanzu sun koma taya mai faɗin 28 zuwa 30. To ina tsofaffin suka tafi? Da yawansu su ne ake loda wa kwantena, mu saye su a nan da murna.

Kafin ka sayi komai, ka auna. Wannan shi ne abin da ban yi ba da farko, kuma na biya da fatar gwiwar hannuna. Ba sai da wata na'ura ba, alanki ya isa, wannan lanƙwasasshen ɗan ƙarfe mai kusurwa shida da ake kwance kusoshin keke da shi, tunda kowanne da kaurinsa a rubuce: 3, 4, 5, 6, 8. Ka ba taya iska yadda ka saba hawa, sannan ka zura alanki tsakaninta da ƙarfe, kana ƙara kauri har ka kai wanda ya ƙi shiga. Ka gwada ƙarƙashin kan fok, inda ƙafafunsa biyu suka haɗu, da ƙarƙashin birkin kansa, ka kuma matse birkin ka sake gwadawa, don wasu hannayensu kan sauko idan aka matse. A baya ka gwada wurin gadar birki, da bayan bututun da sirdi ke kai, can ƙasa inda maƙalin giyar gaba yake. Wurin da ya fi matsewa shi ne alƙali. Nawa keken alanki mai lamba 8 ya wuce ta baya, amma a gaba 5 ne ya shiga da ƙyar.

Kada kuma ka yarda da lambar da ke jikin taya ido rufe. Za ka ga an rubuta 700x25C ko 25-622. 622 ɗin faɗin da'irar wili ne a milimita, 25 kuma faɗin da aka ce tayar za ta yi. Amma idan wilin mai faɗin ciki ne, tayar da aka rubuta wa 25 tana iya buɗewa ta kai 27 ko 28. Abin da ido ya gani a kan wilinka shi ne gaskiya.

Nawa ake bukata? Ƙa'idar ingancin kekuna ta duniya, ISO 4210, ta nemi a bar aƙalla milimita 4 tsakanin taya da firam a keken tsere, ba tare da wani madgad ba ma. Madgad mai rufe taya duka yana son ya fi tayar faɗi da kamar milimita 10, wato mai faɗin 35 ga taya 25, kuma ya tashi sama da ita da kusan wannan tazara, ban da kaurin jikinsa da kan kusar da za ta riƙe shi. Ka haɗa lissafin da kanka, ka ga inda milimita 5 ɗina ta tsaya.

Ni kuwa na ƙi jin lissafi. Na samo wani siririn madgad na roba, na goge gefensa da wuƙa, na cusa shi ƙarƙashin birki da ƙarfin tsiya, ya rage tazarar da ba ta fi kaurin kwali ba. A kan kwalta lafiya lau, sai ɗan "shii-shii" idan taya ta ɗauki tsakuwa. Ranar da na sauka daga titi na bi wata hanyar jar ƙasa bayan ruwa, ban yi tafiyar minti biyar ba feda ta fara nauyi kamar ina jan buhun masara. Taɓo ya cushe tsakanin taya da madgad. Ina cikin dannawa wani ɗan kara ya bi taya ya shige, madgad ya naɗe ya tattaru ƙarƙashin fok, ƙafar gaba ta tsaya cak. Na wuce ta saman kan keken. Allah ya taƙaita, a hankali nake tafiya, gwiwar hannu ce kawai ta saluɓe. Wasu yara masu kiwo suka taya ni zaƙulo laka da tsinke, suna "sannu Baba" suna ɓoye dariya.

Daga baya na gane cewa masu ƙera madgad na kirki sun daɗe da sanin wannan haɗari. Kamfanin SKS na garin Sundern a Jamus yana sa wani ɗan maƙali na roba a ƙarshen sandunan madgad ɗin gaba, wanda ke ɓallewa da kansa idan wani abu ya shiga, sandar ta saki, ƙafa ta ci gaba da juyawa. Duk madgad ɗin gaba da za ka saya, ka duba ko yana da irin wannan. Wanda aka ɗaure tamau da noti, ba mafita, ni na daina kusantarsa.

Wani ƙanina da ke karatu a Leeds shi ya buɗe min ido kan abin da ke kasuwa. Can abin ya zama al'ada. Lokacin hunturu ana zuba gishiri a titi don kada ƙanƙara ta daskare, ruwan gishirin nan kuma yana cin sarƙa da birki, shi ya sa masu hali kan ware keke guda na hunturu. Ƙungiyoyin mahaya da yawa ba sa son ka shigo ayarinsu ba madgad mai dogon leɓe, domin wanda ke bayanka shi zai sha ruwan tayarka a fuska. Saboda haka an yi ta dabaru don kekuna marasa fili.

Mafi sauƙi ɗan falle ne na roba da ake maƙalawa ƙarƙashin sirdi, na wani kamfanin Gothenburg a Suwidin da ya fara a 2011, Ass Savers (sunan ba ya fassaruwa a gaban surukai). Ba ruwansa da tazarar taya, ba ya bukatar ko sufana. Mazaunai kawai yake karewa. Ƙafa da sarƙa da wanda ke biye da kai, kowa tasa ta fisshe shi.

Sai wanda ya ƙi shiga rigimar birki gaba ɗaya, irin Raceblade na SKS. Ana ɗaure shi da igiyoyin roba a jikin fok da sandunan baya, ya faro daga bayan birki ya gangara. Tunda bai bi ta ƙarƙashin birki ba, ko tazararka milimita 4 ce zai zauna, kuma cikin minti biyu ka cire shi idan rani ya shigo. Illarsa kuwa ita ce birkin kansa da wuyan fok suna nan a buɗe, suna shan yashi. Akwai ɗan'uwansa mai tsawo, wanda aka raba biyu, rabi gaban birki rabi bayansa, siririn ƙarfe kawai ke bi ta ƙarƙashi, sandunansa kuma su kama a bakin gatarin ƙafa.

Na uku su ne masu ƙoƙarin rufe taya duka duk da ƙuncin wuri, kamar Roadracer na kamfanin Crud a Ingila, roba ce fallen-fallen da ke ratsa ƙarƙashin birki, da kuma na alminiyam da Portland Design Works ke yi a Amurka, masu 'yan kunnuwan da ke shiga gatari idan keken ba shi da ramin kusa. A kan kwaltar Leeds, inda ruwa tsinkakke ne, waɗannan su suka fi tsare mutum da keke. A nan ne nake saɓa wa ƙanina. Shi yana ganin duk wanda ya fi rufewa ya fi kyau. Ni kuwa na ce masa jar lakarmu danƙo gare ta, tana hawa taya ta yi kauri, kuma ko titin cikin gari ne akwai inda ruwa ke jibge yashi da leda da kara. Tazarar da ta ishi mutumin Leeds ba ta ishe ni ba. Idan ƙarƙashin birkinka bai kai milimita 10 ba kuma kana sauka daga kwalta, ka bar wurin nan a buɗe, ka haƙura da rabin rufi.

Akwai wata dabarar da ba a cika so ba: rage taya. Daga 28 ka koma 25, ka samu kusan milimita 3 a sama. A titunanmu masu ramuka wannan ciniki ne mai ciwo, don siririyar taya ta fi jijjiga kuma ta fi saurin cizon tiyub a bakin rami. Ni ban yi ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne irin mai ɗaurin roba. Da ya iso na koma wurin Baba muka ɗaura tare, kuma a nan ya nuna min shekarun da ya yi a sana'ar. Kafin igiya ta taɓa fenti sai da ya yanko tsohon tiyub ya naɗe wurin. "Yashi zai shiga ƙarƙashin robar nan, ya yi ta gugar ƙarfe har ya ci," in ji shi. Gaskiya ya faɗa, kuma idan firam ɗin na kabon ne abin ya fi muni, Turawa ma wani salatif mai kauri suke liƙawa saboda haka. Ya ɗaga keken ya juya ƙafa yana saurare, ya ɗan tanƙwara sanda, ya sake juyawa, har sai da tazara ta daidaita tun daga sama har ƙasa. Sannan ya sa ni hawa, ya ce in kawo feda gaba in karya kan keken. Tsinin takalmina ya taɓa madgad ɗin gaba. Keken tsere gajere ne, ƙafar gaba tana kusa da feda, madgad kuma ya ƙara cinye ɗan wurin. A guje ba za ka ji ba, sai wajen juyawa a hankali cikin lungu. Muka ɗan matsar da shi, sauran kuma na koyi tsayar da feda in zan yi kwana.

Da zan tafi ya ce in dakata. Ya jawo wata fasasshiyar jarkar man gyaɗa, ya yanko falle mai tsawon tafin hannu, ya huda shi da jan ƙusa, ya ɗaure a gindin madgad ɗin gaba har ya kusa taɓa ƙasa.

"Wannan na mene ne, Baba?"

"Na takalminka ne da sarƙarka. Ruwan da ke ɓata su daga ƙasan tayar gaba yake tasowa, can inda na Baturen bai kai ba."

Damina biyu ke nan fallen jarkar yana nan, ruwan ɗorawa, da ragowar rubutun kamfanin mai a jikinsa. Birki dai har yanzu sai na wanke shi da tsohon buroshin haƙori duk ranar da na fita bayan ruwa, kuma a watan Nuwamba nakan kwance komai in rataye a zaure.