Furen da ke tsirowa a rairayin bakin Bahar Rum na fuskantar barazana

A tuddan rairayi na gaɓar tekun Bahar Rum, inda zafi da gishiri ke hana yawancin tsirrai rayuwa, akwai wani farin fure mai ƙamshi da masana ke kira Pancratium maritimum. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ne ya ba shi wannan suna a 1753. Dangi ɗaya ne da albasar kwaɗi da aka sani a ƙasar Hausa.

Sirrin juriyarsa yana ƙarƙashin ƙasa. Yana da kwan saiwa mai kama da albasa, wanda ke binne can cikin yashi, inda yake adana ruwa da abinci. Idan zafin bazara ya tsananta, ganyensa kan bushe, sannan tsakanin Agusta da Oktoba sai kara ya fito, tsawonsa ya kai santimita 40, ɗauke da furanni 3 zuwa 15. Kwan yana da guba, don haka ba a cin sa.

Furen yana buɗewa ne da yamma, ya baza ƙamshinsa cikin dare domin ya jawo wani nau'in malam-buɗe-littafi na dare mai dogon baki, wanda ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Ƙwaron ba ya iya aikin idan iska ta yi ƙarfi, saboda haka yawan irin da tsiron zai bayar ya dogara ne da dararen da iska ta lafa.

Irin baƙi ne, marar nauyi, yana yawo a kan ruwan teku har igiya ta ajiye shi a wata gaɓar. Wannan na cikin dalilan yaɗuwarsa daga Maroko da Fotugal har zuwa bakin Bahar Aswad.

Sai dai lokacin furensa ya zo daidai da cunkoson masu yawon buɗe ido. Gina otal-otal, share gaɓar teku da injuna, tattakewa da tsinkar furanni sun rage shi a wurare da dama, har ƙasar Bulgeriya ta saka shi cikin jerin tsirran da ke fuskantar ƙarewa. Kariyarsa ta fi dogara ne ga killace tuddan rairayin, domin idan aka baje su, kwan da ke binne a ciki ma ya tafi.